Tambayi Likita: Motsa Jiki da Bitamin ga Yara Masu Galahanga

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 6 yana da galahanga (autism). Yakan wuni yana kaɗa hannaye yana juyi a tsakar gida. An ce in riƙa sa shi guje-guje. Da gaske yana taimakawa? Maman Sadik, Rikkos, Jos.

Amsa: Hajiya, yana taimakawa, sai dai ba warkarwa yake yi ba. Bincike ya nuna gudu, ninƙaya da makamantansu kan rage wannan maimaita motsi, galibi na ɗan lokaci bayan wasan, shi ya sa sai an mayar da shi abin kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu minti 60 na motsa jiki a rana. Ba dole a cika shi tashi ɗaya ba: tsallen igiya kafin makaranta, ƙwallo da yayyensa bayan la'asar. A tsayar da lokaci guda, don yaran nan suna son abin da suka saba, kuma a nemi wurin da babu hayaniya. Ko da hunturu ne, a sa masa rigar sanyi ya fita.

Amma ki sani, sau da yawa kaɗa hannun nan hanyarsa ce ta kwantar da hankalinsa. Kada a doke shi, kada a ɗaure masa hannu. Wanda ke buƙatar ganin likita da gaggawa shi ne buga kai a bango ko cizon jikinsa.

Tambaya: Wani mai kemis ya ba ni bitamin B6 da maganiziyom, wai suna tsayar da halin. In ci gaba? Malam Bala, Bukuru.

Amsa: Malam, dakata tukuna. An gwada wannan haɗin, ba a samu hujja mai ƙarfi ba. B6 kuma idan ya yi yawa yana lalata jijiyoyi, hannu da ƙafa su riƙa sagewa.

Tambaya: 'Yata ba ta cin komai sai farar shinkafa da biskit. Ita ma babu ruwanta da bitamin? Maman Hauwa, Gangare.

Amsa: A'a, wannan daban ne. Mai tsantsanin abinci irin haka kan kamu da ƙarancin jini ko rashin bitamin C da D. Kai ta sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a auna jininta, a ba ta abin da ya gaza kawai. Kada ki ƙara awo da kanki, domin A da D taruwa suke yi a jiki.