Na ɗumama shinkafar har tana tururi, me ya sa yarana suka yi ta amai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, don Allah ina cikin damuwa. Shekaranjiya da daddare na dafa shinkafa da yawa, ragowar na bar ta a tukunya a rufe a kicin, washegari da rana na ɗumama ta sosai har tana tururi na zuba wa yarana biyu, ko awa uku ba a yi ba suka fara amai, ƙaramin ɗan shekara huɗu har ya galabaita. Wallahi sai da na shinshina kafin in ba su, babu tsami babu yauƙi. Surukata ta ce ba shinkafar ba ce tunda wuta ta kashe komai, mai sayar da magani kuma ya ba ni Flagyl. Yanzu sun ji sauƙi amma ni gaba ɗaya tsoron ragowar abinci nake ji. Zubarwa zan dinga yi kenan?

AMSA: Wa alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ƙara musu lafiya, ki kwantar da hankalinki, irin wannan aman yawanci cikin kwana ɗaya yake wucewa. Amma shinkafa ta kwana a waje, an ci, amai ya zo tsakanin awa 1 zuwa 6, ai hannunka mai sanda kenan, shinkafar nan ita ce abin zargi na farko.

Tare da girmamawa ga Mama, maganar nan ta "wuta ta kashe komai" ita ce ta fi komai ci min tuwo a ƙwarya a aikin nan, kusan kullum sai na ji ta, kuma ba daga bakin waɗanda ba su yi makaranta ba kawai, har masu digiri suna faɗa min suna murmushi kamar sun kama ni. Eh wuta tana kashe ƙwayar cuta, wannan babu musu. To gubar da ƙwayar ta riga ta zuba a cikin abincin fa?

Akwai wata ƙwaya ana ce mata Bacillus cereus, a ƙasa take rayuwa, tun daga gona take biyo ɗanyar shinkafa. Idan ta ji wuya sai ta shige wani ƙwanso mai tauri ta yi lamo, kina tafasa tukunya ita tana nan ko gezau. Da kin sauke, shinkafa ta fara hucewa ta sauko ƙasa da digiri 60, sai ta farfaɗo ta fara hayayyafa, ga danshi ga ɗumi ga murfi kin rufa mata, kin yi mata ɗakin amarya. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 nan ne wajen shagalinsu, wasu ƙwayoyin duk minti 20 suke ninkuwa, ki lissafa da kanki, guda ɗaya tak cikin awa 7 ta haura miliyan 2. Taki kuwa daga dare har rana ta yi.

Tana hayayyafar nan tana sakin guba, ita gubar kuma an gwada ta a zafin digiri 121 har tsawon minti 90 ba ta lalace ba. Ruwa a digiri 100 yake tafasa. Kin ga kenan tururin da kika gani ya kashe mai laifin amma kayan laifin suna nan a faranti, ko ki ɗumama sau goma, ko ki soya ta da mai, ko ki sa a maikirowef, duk ɗaya ne. Kuma ba shinkafa kaɗai ba, taliya ma haka, dankali ma haka. Akwai wata ƙwayar kuma, Staphylococcus aureus, da ke zama a hanci da fatar mutum lafiyayye, a sa hannu a tsinci nama a tukunya a bar sauran a waje, ita ma gubarta ba ta jin wuta.

Shinshinawa kuma don Allah a daina dogara da ita. Ƙwayoyin da ke sa abinci tsami da yauƙi daban, masu kwantar da mutum daban, abinci zai iya yin ƙamshi kamar yanzu aka sauke alhali ya gama lalacewa. A 2008 a Beljiyam wani ɗalibi ɗan shekara 20 ya ɗumama taliyar da ta yi kwana 5 a kicin ba a firij ba, ya ci, ya yi ta amai, ya kwanta, da safe gawarsa aka tarar, binciken da aka yi ya gano wannan ƙwayar ce. Irin haka ba kasafai yake faruwa ba, ba don in tsorata ki na kawo ba, sai don masu ce min "mu da muke ci shekara da shekaru ba abin da ya same mu". Cikin babba daban na ɗan shekara huɗu daban. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 sun nuna mutum 420,000 ke mutuwa duk shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 125,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Shi kuma mai maganin da ya miƙo miki Flagyl ko yaron bai gani ba, ni ban san me zan ce masa ba. Guba ce ta sa aman, antibayotik ba ya taɓa guba, kawai an ɗura wa yaro magani mai tayar da zuciya a kan zuciyar da dama a tashe take. Abin da yaro ke buƙata ruwa ne, ORS na leda, idan babu ki samu lita 1 na ruwa mai tsafta, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi, ki dinga ba shi kurɓi-kurɓi ko da yana amayarwa. Idan ya kasa riƙe ko kurɓi ɗaya, ko ya daina fitsari, idonsa ya faɗa ko ya yi rawaya, ko kika ga jini a kashi, ko barci ya yi masa yawa ba ya tashi da kyau, asibiti kawai, ba sai an jira gari ya waye ba.

Batun zubarwa, a'a, ba almubazzaranci na ce ki yi ba. Matsalar ba ragowa ba ce, inda ta kwana ne. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, idan ana zafi sama da digiri 32 awa 1 ne. Kuma wancan zancen na wai sai abinci ya huce sarai kafin a sa a firij, shi ma yana cikin abin da ke jawo mana aiki, ki kwashe daga tukunyar ki baza a robobi marasa zurfi, tururin na lafawa ki rufe ki saka, katuwar tukunya a firij tsakiyarta sai ta yi awanni da ɗuminta. Shinkafa ki cinye cikin kwana 1, miya da nama kwana 3 zuwa 4, abin da ya wuce haka firiza. Ki ɗebi iya wanda za a ci ki ɗumama sau ɗaya, kina juyawa har tsakiya ya yi zafi. Wuta ta ɗauke, firij da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa 4, a hana yara buɗe-buɗe.

Idan kuma babu firij ɗin gaba ɗaya, ki rage awo, ki dafa daidai bakinku, wanda ya ragu a ba wani ya ci a daren tun da zafinsa. Wadda ta riga ta kwana a tukunya kuwa, ko Mama ta yi faɗa, ki juye ta a shara.