Amsa kan samarin da ke guje wa aji

Malama, kin tambaya ko haɗa samari cikin ƙungiya yana hana su barin makaranta, ganin cewa ɗan ƙanenki mai shekara 14 yana fita da kayan makaranta da safe amma ba ya isa aji. Na daɗe a kwamitin kula da makaranta na unguwarmu a Kano, kuma abin da na gani shi ne yana hanawa, matuƙar an ɗauki yaron tare da abokansa. Saurayi a wannan shekaru ya riga ya sami majalisarsa, ko a bakin shagon mai cajin waya ko a gidan kallon ƙwallo, kuma idan aka zare shi shi kaɗai aka yi masa nasiha, da yamma zai koma wurin waɗanda za su mayar da nasihar abin dariya.

Mukan tara su ranar Asabar bayan la'asar, kuma ba malamin da ke riƙe bulala ke jagorantarsu ba, sai wani matashin unguwa da ya gama sakandare yana kuma da sana'ar hannu. A makonnin farko ba a tayar da zancen karatu, ƙwallo ake bugawa a yi hira. Sai daga baya gaskiya take fitowa, domin da yawansu sun kai aji biyu na ƙaramar sakandare ba sa iya karanta sakin layi ɗaya da Turanci, kuma gara a kira yaro fitinanne da a tsayar da shi gaban allo a gano hakan. Idan ya ga abokinsa ma haka yake, kunyar takan ragu, har su yarda a koya musu a keɓe.

Akwai kuma batun kuɗi. Dokar ilimin matakin farko na bai ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatu kyauta ne har aji uku na ƙaramar sakandare, amma kuɗin mota da na tara suna kan iyaye, alhali yaron yana ganin tsaransa a kasuwar Kantin Kwari ko kasuwar waya ta Farm Centre suna juya 'yan kuɗi. Ba ma hana shi neman na kansa. Mukan je da mai unguwa wurin ubangidan sana'arsa, a yi alkawari cewa ba zai karɓe shi ba sai bayan an tashi daga makaranta.

Idan kuwa kin lura da alamun shaye-shaye, wannan ya fi ƙarfin ƙungiya, sai a haɗa da likita.