Amsa kan ramin da ya goce daga mazauninsa

Malam, ka ce farantin ƙarfen da aka huda maka a Panteka ya kauce da milimita 0.12 a tsaye da 0.16 a kwance, alhali zanen ya ba da iyakar 0.3, kana tambaya ko za a karɓe shi.

A tsarin ASME Y14.5, wato ƙa'idar Amurka ta rubuta awo da iyakokinsa a zanen injiniya, wannan 0.3 faɗin da'ira ce da tsakiyar ramin za ta zauna a ciki, ba tazarar da za a auna kowane ɓangare shi kaɗai ba. Bisa ƙa'idar Pythagoras, kaucewar taka ta kai 0.20 daga ainihin mazaunin, sai a ninka ta biyu don a samu faɗin da'irar, ta zama 0.40. Ta wuce iyaka ke nan.

Amma kada ka yi saurin jefar da shi. Duba zanen, idan akwai harafin M cikin da'ira bayan 0.3, to duk abin da ramin ya ƙaru a kan mafi ƙanƙantar faɗinsa ana ƙara shi a kan iyakar. Misali, ramin da aka yarda masa faɗin milimita 10.0 zuwa 10.2, idan ya fito 10.15, iyakarsa ta koma 0.45, farantin kuma ya tsallake.

A ganina, idan aikin da yawa ne kuma zanen yana da wannan M, gara a yi ma'auni mai sanduna masu shiga ramukan, masu kaurin 9.7 (wato 10.0 a cire 0.3), a kwantar da farantin a kan fuskar A tukuna, sannan a jingina shi da B da C, wato fuskokin da zanen ya sa wa waɗannan haruffa don a fara awo daga gare su. Da yawa suna aunawa daga gefen da ya fi musu sauƙi, wanda zanen bai ambata ba, kuma daga nan ne rigima da mai kaya take tasowa.