Me ya sa zabibi da dabino ke kwanciya a gindin kek ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Kek ɗin Sallah na yi, na zuba zabibi da dabino da gyaɗa a kwaɓin, na juya sosai. Da na yanka sai na tarar duk sun taru a ƙasa, har dabinon ya kama gwangwani ya ƙone. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kwaɓinki zan fara tuhuma. Zabibi da dabino sun fi kwaɓi nauyi, kuma da gwangwani ya shiga wuta, bota ce ke fara narkewa, kwaɓin ya saki na ɗan lokaci kafin ƙwai da fulawa su kama jiki. A wannan tsakanin ne kayan ke nitsewa. In dama kwaɓin ruwa-ruwa ne, babu abin da zai tallafe su.

Ɗebo shi da cokali ki karkata ki gani. Wanda ya yi daidai sai ya ɗan manne, sannan ya faɗo a dunƙule. In ya zuba kamar koko, ya yi ruwa. Sau da yawa laifin daga bota ne: da zafin Maris da Afrilu takan narke tun kafin a fara bugawa. Ki bar ta da laushi kawai, yadda yatsa zai lotsa ta, ki buga da sukari har ya yi fari, ki riƙa fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Madara kuma kaɗan-kaɗan, a ƙarshe. Kek ɗin da ake kwaɓawa da man gyaɗa kuwa, gaskiya ba na ba da shawarar a cusa masa kayan nauyi. Gara a barbaɗa gyaɗar a sama.

Sai kayan da kansu. Dabino ki cire ƙwallon, ki yanka kamar ƙwayar wake, kina tsoma wuƙar a fulawa don kada ya danƙare. In kin jiƙa zabibi, ki baza a kan tsabtataccen tawul ya tsane sarai, domin jiƙaƙƙe santsi gare shi, silalewa yake yi. Jajayen ceri ɗin nan masu ruwan sukari sun fi kowa wannan hali, sai an wanke an goge. Gyaɗa a soya, a murje ɓawon, a daka sama-sama.

Daga nan ki ɗebi cokali 2 daga cikin fulawar da kika auna, ki mulmula kayan a ciki har kowanne ya yi fari-fari ya rabu da ɗan'uwansa. Dabarar tana taimakawa, amma ba ta ceton kwaɓin da ya yi ruwa. Ni nakan fara shimfiɗa kwaɓi zalla, kaurin yatsa, a gindin gwangwani, sannan in gauraya kayan a sauran a hankali in zuba a kai.

Kada kwaɓi ya zauna jiran wuta. Ki kunna oban minti 15 tun kafin, a kan digiri 180, ko 160 in kayan sun yi yawa, don cikin ya nuna ba tare da gefe ya ƙone ba. Mai gashi a tukunya ta bari yashin ya ɗau zafi sosai tukuna, ta ɗora garwashi a kan murfi. Bakin hoda ma kada ya wuce awo, yawansa na sa kek ya kumbura da sauri ya koma. Kuma minti 25 na farko kada ki buɗe, ko da ƙamshi ya cika gidan.