Kurege yana cinye mini tiyo a lambu, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina noman rani a bakin fadama, tumatir da albasa. Tun da zafi ya shigo kurege ya matsa mini, ya huda tiyon ban ruwa, ya gwaguyi wayar sola, har da robar man inji. Na shafa barkono bai daina ba. Wasu sun ce in sa guba. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a lambun. Kafin komai ka tabbatar kuregen ne, don sau da yawa laifin gafiya ko ɓera ake ɗora masa. Kurege da rana yake fita, gafiya da ɓera kuwa ma'aikatan dare ne. Ka barbaɗa toka a gefen tiyon da magariba, ka duba da sassafe, ka sake dubawa da la'asar. Lokacin da sawu ya bayyana shi zai nuna maka mai ɓarnar.

Haƙoran gaba na kurege guda huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa, kuma ba sa daina tsiro har ya mutu, kamar na danginsa su ɓera. Dole ya riƙa gwaguyar abu don ya rage su, roba kuma tana da daɗin kamawa. Amma a lambun rani na fi zargin ƙishirwa. Daga Maris zuwa Mayu ciyawa ta bushe, raɓa ta ɗauke, ga tiyonka da sanyi da laima a jikinsa. Idan hujin ya fi yawa kusa da mahaɗa ko inda ruwa ke ɗiga, to ruwa yake nema. Ka fara da gyara duk inda ke yoyo, domin shi ke kiransa. Wasu masu lambu suna ajiye kasko da ruwa can nesa da kayan aiki, kusa da raminsa. Yakan rage ɓarna, sai dai a sabunta ruwan saboda sauro, kuma ba zai hana gwaguyar waya ba.

Barkonon da ka shafa ba ƙarya ba ne. Zafinsa na damun kurege kamar yadda yake damun mutum, tsuntsaye ne kawai ba ruwansu da shi. Matsalar ita ce ban ruwa yana wanke shi, rana tana kashe ƙarfinsa, kuma dabbar da ƙishirwa ta kama za ta daure. Na ɗan kwanaki ne, kada ka dogara da shi.

Abin da ke ɗorewa shi ne ƙarfe da ƙasa. Wayar sola ka zura ta cikin bututun ƙarfe, musamman daga gindin faranti zuwa inda ta shiga ƙasa. Bututun roba ba ya tsare komai, ƙarin abin gwaguya ne. Babban tiyon da ba ka ɗagawa ka binne shi kamar taƙi ɗaya. Wanda kake ja daga kwami zuwa kwami ka zazzage ruwansa bayan aiki, ka naɗe shi, ka jefa cikin durom mai murfi. Kada ka rataye shi a bishiya. Injin kuma ka yi masa keji da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, kada su wuce rabin inci. Ragar kaji siririya ce kuma idanunta manya, ɓeraye ƙanana na bi ta ciki. Tun da kurege maginin rami ne, bakin ragar ya shiga ƙasa kamu ɗaya, a lanƙwasa shi waje, don in ya tona ya ci karo da ƙarfe. Na san kuɗi ne, amma lissafa tiyo nawa ka saya a bana.

Sannan ka share gefen lambun. Tsohon suri, tarin kara da gindin sarƙaƙiya duk maɓoyarsa ne, kuma ba ya son ratsa fili tsirara saboda shaho. Kare ma yana taimakawa. In ramuka sun yi yawa, tarko da ɗanyar gyaɗa a bakin ramin ya isa, a riƙa duba shi kullum.

Guba kam ban ba ka shawara ba ko kaɗan. A garuruwanmu yara da mafarauta na kama kurege su ci, kuma wanda ya ci guba bai mutu nan take ba shi ya fi sauƙin kamawa. Ga kaji, ga awaki masu kiwo a bakin fadama, ga kyanwa da mujiya da ke rage maka ɓeraye kyauta. Ga kuma ruwan da kake ba albasar da mutane za su ci.

Robar man injin da ya riga ya taɓa ka canza ta yau, kada ka naɗe ta da salatif. Fetur na narkar da gam ɗinsa, kuma ɗigon mai a kan inji mai zafi gobara ce.