Yaushe ya kamata mai juna biyu ta fara zuwa awo?

Malam, ka tambaya ko jinkirin zuwa awo yana jawo haihuwar bakwaini, tunda Hajiya mahaifiyarka ta ce iyalinka ta dakata sai ciki ya fito, alhali maƙwabciyarku Bayarabiya ta fara tun wata na biyu.

Jinkirin yana ɓoye cututtukan da ke iya fito da jariri kafin mako 37, wato hawan jini, ciwon suga, zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini da cutar mafitsara wadda sau da yawa ba ta nuna alama, kuma ana iya gano su da gwajin jini, na fitsari da awon hawan jini. Shi ya sa a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau 8, na farko cikin makonni 12, da hoton ciki kafin mako 24. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro kuwa daga mako na 13 ake fara shi.

A garuruwan da ƙabilu suka cakuɗa, irin su Jos da Kaduna, daga cikin abubuwan da kan iya raba mata wajen lokacin fara awo akwai al'ada, kuɗin mota da harshen da ake yi musu magana a asibiti. A wajenmu kunyar cikin fari tana da ƙarfi, har amarya takan zumbula hijabi a tsakar gida don kada suruka ta lura. Ina girmama wannan kunya, amma zuwa awo ba shela ba ce. Ka lallashi Hajiya, ka raka iyalinka cikin wannan makon.