Ka ɗauki hoton kaguwar kafin ka tsoma ta a itanol

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa nake sa ka wuni kan madubin ƙara girma kana duba ƙafafun kaguwa mai zama cikin katantanwa, alhali na'urar DNA za ta faɗi jinsinta cikin 'yan kwanaki. Na'urar tana nuna maka cewa kaguwa biyu sun bambanta, amma ba ta san wacce ce ke da sunan ba. Suna yana rataye ne a jikin samfurin da aka fara siffantawa, yana can cikin kwalba a gidan tarihi, kuma da ido ake komawa gare shi.

Dubi abin da ya faru da Clibanarius vittatus. An daɗe ana kiran kaguwar gaɓar Amurka da ta Brazil da wannan suna guda. A 2014 masana uku, Negri da Lemaitre da Mantelatto, suka gwada sassa biyu na DNA ɗinta da ake kira COI da 16S, sai ga gida biyu. Suka koma jikin dabbar, suka tarar tsarin zanen ƙafafun tafiya ba ɗaya ba ne. Ta kudu aka mayar mata da tsohon sunanta, C. symmetricus, wanda wani masani mai suna Randall ya raɗa mata tun 1840.

To, wannan zanen shi ne abin da itanol, ruwan da ake adana samfuri a ciki, ke wankewa. Saboda haka ka ɗauki hotonta tana da rai, daga sama da daga gefe. Kada ka ja ta daga katantanwar, cikinta laushi ne, zai tsinke. Ka fasa katantanwar a hankali. Auna garkuwar kai kawai, wato ɓawo mai tauri da ke saman kanta, don ciki yana miƙewa yana takurewa. Duba hannun da ya fi girma: na dama a dangin Paguridae, na hagu a yawancin Diogenidae, su kuwa Clibanarius hannayensu kusan daidai suke. Ƙofar haihuwar mace tana gindin ƙafa ta uku, ta namiji a ta biyar, in ka ƙirga hannun a matsayin ƙafa ta farko.

Naman gwaji kuwa, ka cire daga ƙafa ɗaya, ka sa a itanol mai ƙarfin kashi 95. Fomalin, wani ruwan adana samfuri, yana lalata DNA, kada ya kusanci naman. In sakamakon COI ya zo da ban mamaki, ka sake gwadawa da 16S, don akwai kwafin bogi na COI da ke ɓuya a ƙwayar halittar irin waɗannan dabbobi. Lamba ɗaya za ka rubuta a kan hoton, da kwalbar, da ƙafar.